Tsallen da Na Yi Zuwa Soron Gwaggo

Abubuwa da yawa sun same ni na manta da su, wasu ma sai an tuna mini in tsaya ina mamaki wai ni aka yi wa. Amma wannan da zan ba ku labari, ina jin ko tsufa na yi har na daina gane mutane, shi ba zai sake ni ba. Shekaru sun ɗan ja, na yi aure na bar Gwarzo, amma yanzu haka da na ɗauki biro sai da na ajiye shi sau biyu. Ban taɓa zama na faɗa wa kowa shi daga farko har ƙarshe ba. Kunya ce ta hana ni, ita ce kuma yau ta matsa mini in faɗa.

A shekarar na gama sakandare ina zaune a gida ina jiran sakamako. Shekara ce mai wuya. Komai ya yi tsada, har gidajen da aka sani da tuwo sau biyu suka koma sau ɗaya, kuma ba mai faɗa wa wani. Ga shi tsakiyar damina, tsohon hatsi ya ƙare, sabon gero bai nuna ba. A gefe guda kuma lokacin an tsananta kan maganar shari'a a garin. Gidajen kallo da na gem kullum ana wa'azi a kansu, wasu an rufe, kuma mace budurwa ba ta da wani abu da ya fi sunanta tsada. Babanmu yana cikin dattawan masallacin unguwa, don haka gidanmu ya fi na kowa taka-tsantsan.

Cikin wannan hali Yayana ya dawo hutu daga makaranta da wata tsohuwar laftof ta gwanjo. Ya ce wa Baba ta karatu ce, kuma zai koya mini buga takardu da ita ko Allah zai sa in samu abin yi. Baba ya sa albarka. Gaskiya ya koya mini ɗin, kwana uku. A rana ta huɗu na shiga ɗakinsa na same shi ya kafe ido, kafaɗarsa tana karkacewa kamar mai kauce wa duka, na leƙa in ga me yake yi.

Wani gem ne wanda ban taɓa ganin irinsa ba. Waɗanda na sani a waya, kana ganin ɗan mutumin da kake juyawa yana tsalle-tsalle daga nesa. Wannan kuwa ba ka ganinsa sam, kai ne shi. Da idonsa kake gani. Hannayensa kawai suke fitowa a gabanka idan ya miƙa su ya cafki bakin gini, in ka sunkuyar da kai ka ga ƙafafunsa, numfashinsa kuma yana fita kamar a ƙirjinka. Babu bindiga babu faɗa. Gudu ne kawai a kan rufin dogayen gine-gine, ka haye bango, ka rataya a jikin bututu, ka sunkuya ka shige ta ƙarƙashin ƙarfe, ka tsallake daga wannan rufi zuwa wancan da rami mai zurfi a tsakani. In ka kuskure sai ka ji iska tana wucewa, allon ya yi duhu, a mayar da kai baya ka sake.

Ranar farko da na karɓa, jiri ya ɗebe ni har sai da na fita na zauna a bakin rijiya. Yaya ya yi ta dariya, ya ce wadda ko kwata za ta tsallaka sai ta yi bismillah uku ta tattare zani, ina ita ina rufin bene. Wannan maganar ce ta zuga ni. Duk sanda aka kawo wuta, ko ya kai ta caji ya dawo da ita, ina ɗakinsa. In Baba ya wuce ya ji ƙarar madannai sai ya ce Allah ya yi albarka, Auta an dage. Ni kuma in amsa da amin, ƙafata tana can saman wani bene. Tun daga nan ya kamata in gane hanyar da na ɗauka ba mai kyau ba ce, amma a lokacin dariya ma abin yake ba ni.

Cikin sati uku na fi Yaya iyawa. Abu biyu ya koya mini da suka zauna a kaina. Ya ce, "Kar ki kalli ramin, Auta. Kalli inda za ki dira. Kuma kar ki danna sai takun ƙarshe." Da na riƙe waɗannan sai hanya ta riƙa buɗe mini da kanta. Ido yana sauka a kan bango, hannu ya riga ya san inda zai kama. Yatsun ƙafata har damƙar tabarma suke yi idan zan yi dogon tsalle. Abin bai tsaya a ɗaki ba. In ina tafiya Islamiyya cikin hijabina har ƙasa, kaina a sunkuye kamar mutuniyar kirki, idona yana auna katangun mutane. In taka wancan dutse, in kama wancan reshe, sai ga ni a sama. Ni da ban taɓa zuwa ko'ina ba sai makaranta da gidan biki, sai na ji gari duka ya zama hanya.

Bari in gaya muku su wane ne maƙwabtanmu, don a kansu abin ya faɗa. Bayan ɗakin Innarmu akwai wani ɗan siririn lungu da ruwan indararo yake bi, faɗinsa bai wuce taku biyu ba. Ƙetarensa gidan wani tsohon hedimasta ne, kowa Malam yake ce masa, shi ya koyar da Babanmu a firamare. Idonsa ya mutu, ƙafa ma ta ƙi, kullum yana ɗaki. Su biyu ne da matarsa, wadda muke kira Gwaggo ko da yake ba mu haɗa jini ba. Ita ta yi mini kitson farko. Mace ce mai tsafta da kamun kai, ba a taɓa jin ta roƙi ko gishiri ba, kuma in ka kai mata kwano ba ya dawowa haka nan, ko ɗan daddawa sai ta sa a ciki. Kullum bayan azahar muna jin dakanta ta bayan ɗaki, ba ya saɓa lokaci.

A watannin nan Inna ta ɓullo da wata sabuwar ɗabi'a. Sai ta ce bayanta yana ciwo, ta auni gero ta ce a kai wa Gwaggo ta surfa mana. Na ce ga ni a gida, me zai sa a kai surfe waje? Ta ce hannuna ba ya fitar da surfe, in je in ji da na'urata. Daɗi ma na ji, an rage mini aiki.

Akwai kuma wata ƙa'ida a unguwarmu da ko yaron goye ya san ta. Ba a hawa soro, ko bishiya, ko katanga, sai an aika gidajen da ke kewaye an ce za a hau sama, mata su kimtsa. Sai an dawo an ce an ji, sannan a jingina tsani. Ko gyaran yoyo ne, ko hadari ya taso, sai an yi wannan aike. Mace kuwa ba ta hawa ma sam. Na san wannan kamar yadda na san sunana. A Islamiyya ma an karantar da mu girman laifin leƙa gidan mutane. Ina faɗa ne don kar wani ya yi mini uzuri da rashin sani.

Ranar da abin ya faru, Baba da Inna sun tafi Kabo gaisuwar rasuwa tun da hantsi. Yaya ya shanya wa Inna yankakkiyar kuɓewa a kan soro da safe saboda awaki, ya mayar wa masu tsani da tsaninsu, sannan ya saɓi laftof ya tafi kasuwa wajen masu caji, don kwana biyu ba wuta. Ni kaɗai aka bari. Kuma akwai wani tsalle a gem ɗin da ya gagare ni tun shekaranjiya, na faɗa ramin ya fi a ƙirga, jikina duk ƙaiƙayi yake yi.

Bayan azahar sai gabas ta haɗe. Iska ta fara kaɗa ganyen darbejiya, na tuna da kuɓewar Inna. A wannan shekarar kuɓewar nan ita ce miyar wata guda. Na leƙa zaure babu Yaya. Na tsaya a tsakar gida ina kallon soron, sai idona ya yi abin da ya saba. Ga turmi, ga katangar makewayi, ga reshen darbejiya da ya kwanto, ga bakin soro. Na shiga ɗakin Yaya na zura wandonsa na ƙwallo, na naɗe zanina a ƙugu, na kife turmi.

Ban san haka yake da sauƙi ba. Turmi, katanga, reshe, sai ga gwiwata a kan soro. Na naɗe tabarmar da kuɓewar a ciki, na ɗaure da ɗankwalina, na sako ta ƙasa a hankali. Da a nan na tsaya na sauko, da iyaka in ce na karya ƙa'ida don miyar gidanmu, kuma da yanzu labarin dariya nake ba ku.

Amma sai na miƙe tsaye. Tunda aka haife ni ban taɓa ganin Gwarzo daga sama ba. Soraye a jere, kwanon rufi yana ƙyalli, hasumiyar masallaci, can nesa gonaki kore shar har inda hanyar Kabo ta ɓace cikin hadari. Iska tana dukan fuskata, kaina ba ɗankwali. Na juya sai ga lungun nan, ga soron Gwaggo a ƙetare, shimfiɗe, daidai da namu. Babu kuɓewa a can. Babu abin da ya kira ni. Na ja da baya taku biyar, na kafa ido a inda zan dira, na ruga, ban tashi ba sai a takun ƙarshe.

Na dira lafiya. Kuma ga abin da ya fi ba ni kunya a duk labarin nan: daɗin da na ji a wannan lokacin ban taɓa jin irinsa ba, har yau. Dariya ce ta taso mini, na toshe baki.

Sai na ji daka a ƙarƙashina, kusa sosai. Maimakon in juya, sai na taka zuwa bakin soron na leƙa, kamar yadda na saba leƙawa in ga inda hanya ta bi.

Gwaggo ce a tsakar gidanta, da ɗaurin ƙirji, kanta a buɗe. Ban taɓa ganin furfurarta ba sai ranar. Ban kuma san ta rame haka ba, don kullum cikin mayafi nake ganinta, ƙasusuwan wuyanta duk a waje. Tana ɗaga taɓarya da ƙyar tana saukewa. A murhu ƙaramar tukunya ce da ganyen tafasa. Daga sama kuwa cikin turmi a fili yake. Babu gero a ciki. Ƙaiƙayi ne, an yayyafa masa ruwa, tana ta dakansa. Tana yi tana ɗaga murya wajen ƙofar ɗaki tana cewa Malam ya ƙara haƙuri, surfen ya kusa fita.

Ta ɗago kai don ta duba hadari, idonta ya faɗa cikin nawa.

Ban san me na yi niyyar yi ba. Na dai juya da sauri, ƙasar bakin soron da damina ta jiƙa ta ɓare a ƙarƙashin ƙafata. Na cafki indararo, kamar yadda na yi sau ɗari a gem. Amma hannun gem ba ya gajiya, indararon gem kuma ba ya tsigewa. Na taho da shi gaba ɗaya, na faɗa kan rumfar zanar madafa, ta karye da ni, na dira a kan ƙafar hagu. Wani zafi ya harba har ƙwaƙwalwata. Turmin ya kife, abin da ke ciki ya watse a gabana.

Gwaggo ta yar da taɓarya ta rungumo ni tana salati ƙasa-ƙasa, tana shafa kaina, tana lalubar ko na karye. Ba ta tambaye ni me ya kawo ni ba. Ni kuwa, ko ruɗewa ce, ko wauta ce, ko neman abin da zan ce don kar a fara tambayata, Allah kaɗai ya sani, sai na buɗe baki da ƙarfi na ce, "Gwaggo, ai ƙaiƙayi ne kike dakawa."

Hannunta ya tsaya cak a kaina.

Daga cikin ɗaki muryar Malam ta fito, ya ce wane ne, me ya faɗi. Gwaggo ta ce Autar maƙwabta ce ta zo aron rariya, ta zame ta ture rumfa. Muryarta ko rawa ba ta yi ba. Har na fara zaton bai ji maganata ba. Can sai ya ce, a hankali, irin muryar da ya yi shekaru yana magana da 'yan makaranta da ita, "Ɗebo mini abin da ke cikin turmin in taɓa."

Ta daɗe a durƙushe. Sannan ta sake ni, ta damƙi ƙaiƙayin nan a hannu, ta shiga ɗakin. Ina zaune a ƙasa cikin wandon maza, kai ba ɗankwali, ina jin yayyafi ya fara sauka a wuyana. Kalma biyu kawai na ji ya faɗa. Ya ce, "Tun yaushe?" Amsarta ban ji ba, ruwa ya kece.

A nan na gane abin da na yi. Ba don maƙwabta kaɗai take wannan dakan ba. Don shi take yi. Makaho ne, kunnensa ne idonsa, in ya ji taɓarya bayan azahar ya san gidansa da abinci, ya san bai gaza ba. Ɗan abin da take samu da shi take dama masa kunu, ita ta ci tafasa a madafa ta ce masa ta ƙoshi. Wata nawa ta yi tana riƙe da wannan, ni na zo na rushe shi da magana ɗaya.

Da ta fito idonta a bushe yake. Ta ja ni zuwa rumfar ƙofar ɗaki, ta murza mini ƙafar da man zafi, ta ɗaure da tsumma. Ta kalli wandon da ke jikina, ta kalli kaina. Ta shiga ta ɗauko zaninta na fita da mayafinta, ta ɗaura mini da hannunta kamar ƙaramar yarinya. Kun san abin da zai biyo baya da a ce an ji 'yar dattijon masallaci ta haura gidan mutane ta sama, cikin wando, iyayenta ba sa nan. Ba wanda zai yarda gem ne. Kafin magariba an ƙulla mini labarin da har in mutu ba zan wanke shi ba, Babanmu kuma ba zai ƙara iya tsayawa gaban sahu ba. Gwaggo ta san wannan sarai.

Da ruwa ya tsagaita ta miƙo mini rariya ta ce in riƙe yadda kowa zai gani. Ta kama hannuna muka fita ta zaure. Akwai maza huɗu ko biyar da suka fake a rumfar mai shayi. Ta gaishe su a nutse, ta ce yarinya ce ta zo aro santsi ya kwashe ta. Suka yi mini sannu. Sai da ta kai ni har zaurenmu, sannan ta matso bakinta kusa da kunnena ta ce, "Ba wanda ya hau soro yau. Kin ji ko?"

Na ce na ji. Ko godiya ban iya yi ba.

Su Inna sun dawo bayan la'asar. Baba ya wuce masallaci, Inna ta ga ƙafa, ta ga zanin da ba nawa ba, ta ga kuɓewa a ƙasa an ɗaure da ɗankwalina, ta zaunar da ni. Na faɗa mata komai ina kuka. Kuma don ku ga ƙuruciya, a ƙarshe sai na ƙara da cewa, kamar mai kawo babban labari, gidan Gwaggo fa babu abinci, ya kamata a taimaka musu.

Na zaci duka zan sha. Da ta dake ni da na fi samun sauƙi. Kallona kawai ta yi, ta ce kunnenta ya riga idona sani da wata biyu. Ta ce duk macen da ta taɓa riƙe taɓarya ta san amon turmi mai tsaba da na wanda babu, matan gidajen nan uku duk sun sani, ba wadda ta taɓa ɗaga maganar ko da a tsakaninsu. Ta ce bayanta lafiya lau yake. Geron da take aikawa surfe, da gangan take cika kwanon ya yi tozo, in ya dawo ba ta aunawa, kuma ta ce Gwaggo ta riƙe tsaki da dusa ladan hannu. Wata maƙwabciyar kuma ƙulli take kai mata na ƙuli-ƙuli wai a ɗanɗana mata ko gishiri ya ji. Haka ake yi, ita tana karɓa a matsayin aiki da zumunci, su suna bayarwa kamar ba su san komai ba.

"Mu mun ji, mun yi kamar ba mu ji ba," in ji Inna. "Ke kin gani, kin kuma faɗa. Yanzu ta san an sani. Ba za ta ƙara karɓa ba."

Haka kuwa aka yi. Washegari Inna ta ɗauki geron da kanta ta shiga. Ba ta daɗe ba ta dawo da shi yadda ta kai. Gwaggo ta ce a yi mata afuwa, hannunta ke ciwo kwana biyun nan. Bayan azahar na zauna a bayan ɗaki ina kasa kunne. Babu daka. Jibi ma babu.

Baba bai taɓa sanin gaskiyar abin ba har yau. Gwaggo ta aiko masa cewa ruwan jiya ya tsige mata indararo, ya sa aka gyara, bayan an yi aike gida-gida an ce za a hau sama. Ina ɗaki ina jin ɗan aiken yana faɗa, na cusa kaina cikin filo. Yaya kuwa ya ga jar ƙasa a gwiwar wandonsa, ya ga turmi a kife a gindin katanga, ya haɗa lissafinsa. Ya zo ya tsaya a bakin ƙofa ya ce shi ya jawo, da bai nuna mini ba. Na ce masa gem bai ce in leƙa gidan kowa ba, kuma bai buɗe mini baki ba. Ban ƙara taɓa laftof ɗin ba, shi ma bai ƙara tayi ba.

Ba a yi sati biyu ba Malam ya aika aka kira Baba, ya ce ya yanke shawarar komawa Gammo wajen ƙaninsa, wai iskar ƙauye za ta fi masa. Baba ya yi ta roƙo, ya ce in wata matsala ce a faɗa masa, shi ɗa ne. Malam ya ce babu komai sai alheri. Mutumin da ya yi shekara talatin da wani abu a gidan nan, wanda rabin magidantan unguwar ɗalibansa ne, ya gwammace ya bar garin da ya zauna a matsayin wanda ake ciyarwa a ɓoye.

Ranar tafiyar, da hantsi, aka kawo akori-kura. Kayan ba su da yawa. Mata suka shiga sallama, ni ma na bi Inna ina ɗingishi, da zanin Gwaggo da mayafinta a ninke na wanke na goge. Na jira har ta shiga madafa ita kaɗai, na durƙusa na ce ta yafe mini don Allah.

Ta ɗago ni. Ta fara tambayar ƙafa. Sannan ta ce ta yafe tun a ranar, ni 'yarta ce, kuma da ma abin da take yi ba mai ɗorewa ba ne. Har na fara jin sanyi a raina, sai ta ƙara da wata magana, ba da faɗa ba, kamar da kanta take yi.

"Abu ɗaya ne ke damuna. Tun ranar ba ya cin komai sai na zauna kusa da shi ya ji ina haɗiya. Kofi ɗaya ne na kunun, a da shi kaɗai yake shanyewa. Yanzu rabi yake sha."

Aka ɗauko Malam a kan kujera aka sa shi gaban mota. Ya yi wa kowa addu'a. Da na gaishe shi ya gane muryata, ya ce Allah ya yi miki albarka, 'yata, ya ba da sa'ar jarrabawa. Ko alama bai nuna ba. Wannan addu'ar ta fi mini zagi ciwo.

Bayan an yi girbi da kaɗan aka aiko daga Gammo cewa Malam ya rasu. Na san kwana ne ya ƙare, na san ba mai rage wa wani ko daƙiƙa ɗaya. Na faɗa wa kaina haka ya fi sau dubu, Inna ma ta faɗa mini. Amma har yau akwai ranakun da zan zauna cin abinci sai rabin kofin nan ya faɗo mini, in ture kwanon. Su Inna sun je gaisuwa. Ni na ce ƙafata ce ta tashi, alhali ta daɗe da warkewa. Ban iya haɗa ido da Gwaggo ba, kuma har yanzu ban je ba. Wannan ma wata kunyar ce da nake ɗauke da ita.

Ban rubuta wannan don in ce gem haramun ne ko yara su daina ba, wannan maganar malamai ce. Ni dai abin da na koya, na koye shi da tsada, kuma ba ni na biya ba. A da ina ganin katanga abu ce da aka gina don ta tare ni, gwaninta kuma ita ce in samu ta inda zan haye. Ashe wata katangar sutura ce, ita kaɗai ta rage wa mai ita. Mutanen da suka girme ni sun san abin da ke bayanta sarai, ba su rasa ido ko kunne ba, sun zaɓi su kau da kai ne don mutum ya ci gaba da zama a cikinsu da mutuncinsa. Ni ina taƙama na iya hango hanyar da ba wanda ya gani, ashe abin da ya fi wuya shi ne ka sani, ka taimaka, ka kuma yi shiru. Duk wanda ya rufe halinsa, ku bar masa a rufe. In kuma Allah ya sa kun gani ba da niyya ba, don Allah ku riƙe bakinku.